Gwiwar Baffa da Kwalbar Caina

Kwana biyu na yi shiru, har wasu sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Abin da ya sa na ɗauko alƙalami yau wani saƙo ne da aka turo a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu a nan Agege, ana tallar wani maganin gargajiya na ƙasar Sin, wai yana kashe kumburi, yana wanke jini, yana da antioksidan fiye da lemo ninki kaza. Da na gani sai gabana ya faɗi, domin kusan kalmomin da na karanta ke nan a takardar wata kwalba a daminar 2022, na kuma ce wa Baffana ya sha. Na daɗe ina son in ba da labarin, kunya ce ke hana ni.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun da na zo Legas karatu. Ya sauka Agege ta jirgin ƙasa tun zamanin Gowon, ya yi fataucin goro shekara da shekaru, da farko a kansa yake ɗaukar huhu kafin Allah ya buɗa masa ya sa yara. Da ya haura saba'in sai gwiwoyinsa suka ce sun gaji. In damina ta sauka, danshin Legas ya cika ɗaki har tabarma ta yi fumfuna, ba ya iya miƙewa sai an kama shi. Shi dai abin da yake cewa kullum shi ne, "Sanyin Kurmi ne ya shige ni." A asibiti an ɗauki hoto, aka ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ya zaizaye, aka ba shi farasitamol da man shafawa, aka ce ya rage ƙiba ya riƙa motsa ƙafa. Bai ɗauki wannan a matsayin magani ba. Kuma ba zafin ne ya fi damunsa ba. Mutum ne da ya shekara arba'in a sahun farko, ga shi yanzu a ƙarshen sahu kan kujerar roba, yana nuni da kai a madadin sujada.

Wanda ya kawo kwalbar ɗan aminin Baffa ne, yaro mai ladabi, yana zuwa Gwanzu sayo kayan waya. Ba mayaudari ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali, don mahaifiyarsa ma ita yake ba wa. Kwalba ce 'yar ƙarama mai ƙwayoyi baƙaƙe, rubutun jikinta duk na Sinanci, sai wata takarda a ciki da Turancin da ya sha wahala. Baffa ya aika aka kira ni. Da yake kemistiri na karanta, shi nake kuma koyarwa a sakandare, a gidanmu ni ne likita, ni ne injiniya, ni ne mai gyaran rediyo.

"Malam, zo ka duba mana wannan," in ji shi. "In ka ce a sha, a sha. In ka ce a zubar, a zubar."

Takardar ta ambaci tsirrai uku. Na ɗaya huangqin, wanda a baki ake cewa huwancin, wata saiwa ce mai launin ruwan ɗorawa. Na biyu danshen, jar saiwa da suke bai wa masu ciwon zuciya da masu matsalar gudun jini. Na uku jianghuang, wanda da na bincika sai na ga ashe kurkur ɗinmu ne na miya. A daren nan na zauna da wayata ina laluben intanet, kuma wallahi ban sha wahala ba. Rubuce-rubucen masana a kan waɗannan saiwoyi ba su ƙirguwa, mafi yawansu daga jami'o'in ƙasar Sin. Huangqin yana da sinadarin baikalin, danshen yana da tanshinon da wasu, kurkur yana da kurkumin. Dukkansu an nuna suna rage kumburi, an kuma nuna suna da wannan antioksidan da ake ta faɗa.

Bari in ɗan tsaya a nan, don mai karatu ya san abin da kalmomin nan biyu ke nufi, tunda da su ake cin kasuwa. Kumburi ba cuta ba ne a karan kansa. In ƙaya ta soke ka, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tasa, yana zogi, to dakarun jini ne suka taru suna yaƙi da gyara. Suna kiran juna ne da wasu sinadarai, kuma magunguna irin su ibufurofen da daikulofenak aikinsu shi ne toshe hanyar ƙera wasu daga cikin sinadaran nan. Matsala tana zuwa ne in yaƙin ya ƙi ƙarewa, dakarun suka koma cin gida. Shi kuwa antioksidan, da goro na yi wa Baffa bayaninsa. Na ce ya gutsuri farin goro ya ajiye, ya ga yadda bakin wurin zai rine in iska ta taɓa shi. Iskar da muke shaƙa ita ce ke sa kwanon rufi tsatsa, kuma a cikin jiki in tana ƙona abinci takan bar wani tartsatsi da ke iya lahanta ƙwayoyin halitta. Duk sinadarin da ke kashe tartsatsin nan, shi ake kira antioksidan. Baffa ya gyaɗa kai, ya ce, "To ai ni gwiwata ce ta yi tsatsa."

Wani abin da ya ƙara jawo hankalinmu shi ne yadda likitancin Sinawa na dā yake kallon ciwo. Su ma da zafi da sanyi suke lissafi kamar mu. Ciwon gaɓɓai a wurinsu iska da sanyi da danshi ne ke shiga jiki su toshe hanyoyi, huangqin kuma yana cikin rukunin magungunan da suke cewa suna kore zafi su busar da danshi. Da na karanta wa Baffa wannan sai ya yi dariya, ya ce ashe 'yan Caina sun fi likitan asibiti gane shi. Ni ma abin ya burge ni. Ba ƙaramar al'ada ba ce: babban kundin magunguna na Li Shizhen da aka buga a 1596 ya tattara nau'in magani 1,892. Da safe na je na ce, "Baffa, a sha, ban ga aibu ba."

To, ga inda kunyar take. Akwai abin da na sani sarai, na kuma kawar da kai. A shekarata ta ƙarshe a jami'a, aikin da na yi na kammalawa shi ne auna ƙarfin antioksidan na zogale da zoɓo. Akwai wani ruwa da ake kira DPPH, launinsa shunayya mai duhu kamar tawada. Sai ka jiƙa ganye a barasar ɗakin gwaji, ka tace, ka ɗiga a ciki. In ganyen yana kashe tartsatsi, launin sai ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa, ka saka a na'ura ta ba ka lamba. Zoɓo ya koɗar da shi, zogale ya koɗar da shi. Wata rana don wasa muka ɗiga ragowar shayin mai gadi, shi ma ya koɗar da shi, har ya fi zogalen nawa. Kusan duk ganyen da ka tsinko a bakin hanya zai ci wannan jarrabawa. Da yawa daga cikin takardun da na karanta a daren nan irin wannan gwaji ne, ko kuma an zuba sinadarin a kan ƙwayoyin halitta a cikin faranti, ko an kumbura tafin ƙafar ɓera da gangan an ba shi magani an auna. Ba ƙarya suka rubuta ba. Amma tsakanin farantin gwaji da gwiwar dattijo akwai tafiya mai nisa.

Tafiyar kuwa ta cikin hanji da hanta take bi. Kurkumin misali ne mai kyau: mutum zai haɗiyi giram-giram nasa, a ɗebi jininsa a samu ɗan kaɗan ƙwarai, domin ba ya narkewa sosai a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa da kyau, abin da ya shiga kuma hanta ta yi maza ta sauya shi. Baikalin ma sai ƙwayoyin da ke zaune a hanji sun farfasa shi kafin ya shiga jini yadda ya kamata. Wannan ya sa a 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan na abinci iri-iri, saboda 'yan kasuwa sun mayar da lambobin kayan talla alhali ba su nuna abin da ke faruwa a jikin mutum. Akwai ma wanda ya fi wannan tayar da hankali. A ƙasar Finlan an gwada bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, a kan maza masu shan taba sama da 29,000, da fatan zai kare su daga sankarar huhu. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda suka sha sun fi kamuwa da kashi 18 cikin ɗari. Duk wannan an koya mana a aji. Amma a daren nan ba gaskiya nake nema ba, hujja nake nema da zan sauke Baffa daga kan kujera.

Na kuma lura babu lambar NAFDAC a jikin kwalbar. Yaron ya ce ai a jakarsa ya shigo da ita, ba ta kasuwa ba ce, wai ta asali ce. Na karɓi wannan a matsayin yabo.

Kwana uku da fara sha, Baffa ya miƙe da kansa. Ranar Juma'a ya bar kujera a gida, ya shiga sahun farko, ya kai goshinsa ƙasa. Ina bayansa, na ga kafaɗunsa suna rawa, kuma ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba sai ranar. Bayan sallama dattawa suka kewaye shi. Kafin sati ya zagayo mutum uku sun saya, naira dubu goma sha biyar kowace kwalba, kuma duk wanda ya yi shakka sai a ce masa ai Malam ya duba. Ni ma ina tafiya ina jin kaina.

Da na yi tunani da hankalin da nake koya wa yara a aji, da a nan zan tsorata. Guringuntsin da ya zaizaye cikin shekara arba'in ba ya tsirowa cikin kwana uku, kuma saiwar da aka niƙa aka dunƙula ba ta aiki da irin wannan sauri. Ruwa ba ya tsami banza.

Wata na biyu Baffa ya fara ƙiba. Inna, matarsa, ta yi murna, ta ce hankalinsa ne ya kwanta. Wata na uku fuskarsa ta zama kamar faifai, wuyansa ta baya ya yi tozo, cikinsa ya fito amma ƙafafunsa suka sirance. In ya ɗan bugi ƙofa sai fatar hannunsa ta yi tabo baƙi. Yana shan ruwa kamar raƙumi, yana tashi fitsari sau biyar a dare. Wata na huɗu ya yanke jiki a bakin shago, muka ɗauke shi zuwa asibiti. Sukarin jininsa ya yi sama ƙwarai, hawan jini ma haka, mutumin da bai taɓa ciwon sukari ba.

Likitar Bayarbiya ce, ba ta wuce sa'ata ba. Ta dubi fuskarsa, ta juya hannunsa, ta ce in tambaye shi, "Baba, wane magani kake sha?"

Baffa ya ce, "Faɗa mata ni ba na shan ƙwaya. Na gargajiya kawai nake sha, shi ma ɗana ya duba."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce in kawo kwalbar, ta kuma rubuta a ɗebi jininsa da sassafe. Akwai wani sinadari, kotizol, da wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda suke samarwa, da safe ya fi yawa a jini. Na Baffa ya kusa ƙarewa, alhali jikinsa yana nuna duk alamun wanda ya yi masa yawa. Ta ce fassarar wannan guda ɗaya ce: yana samun makamancinsa daga waje, mai ƙarfi, shi ya sa jikinsa ya daina ƙera nasa. Wato an cusa maganin asibiti na dangin sitiroyid a cikin ƙwayoyin, irin su deksametason, wanda a gida muka fi saninsa a cikin ƙwayoyin sha-ka-fashe da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Yana kashe kumburi kamar an zuba wa wuta ruwa, shi ya sa likitoci ke ji da shi, shi ya sa kuma suke tsoronsa.

Na ce to yau ɗin nan zan zubar da sauran a kwata. Ta ce kul, in aka yanke masa rana ɗaya jininsa zai iya faɗuwa ya mutu, tunda nasa ya yi barci. Sai ta ɗora shi a kan na asibiti wanda aka san awonsa, tana rage masa kaɗan-kaɗan. Watanni aka ɗauka. Ana ragewa ciwon gwiwa yana dawowa, har ya fi na dā, ga kasala, ga rashin cin abinci. Ni nake kai shi, ni nake dawo da shi a Keke Marwa, kuma bai taɓa ce mini uffan a kan maganar ba. Da ma zagina ya yi.

Daga baya na koma karatu, wannan karon da idon da ya kamata. Ashe abin da ya same mu tsohon labari ne. Wani ɗakin binciken guba na asibitocin Hong Kong ya tattara abin da ya gani daga 2005 zuwa 2015: kayayyaki 487 masu sunan maganin gargajiya ko na ƙarin lafiya da aka samu an cusa musu magungunan asibiti a ɓoye, kuma na kashe zogi da na rage ƙiba da sitiroyid suna cikin waɗanda suka fi yawa. A Beljiyam kuma, farkon shekarun 1990, mata sama da ɗari suka samu lalacewar ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba, saboda an musanya wata saiwa da wata mai guba wadda sunayensu na Sinanci suke kama da juna. Ko danshen na gaskiya, wanda ba a gauraya shi da komai ba, in mai shan wafarin, maganin tsinka jini, ya haɗa da shi, yana iya jawo masa zubar jini.

Kada mai karatu ya ɗauka na koma cewa maganin Sinawa duk shirme ne. Ba zan iya faɗar haka ba alhali duk zazzaɓin cizon sauron da na yi tun bayan 2005 da atemisinin aka warkar da ni, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar daga wani ɗan uwan tazargade a farkon shekarun 1970, bayan ta samu haske daga wani tsohon littafin likitanci, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A ɓangaren kumburi ma akwai wanda ya wuce matakin ɓera. Wata kuranga ce da suke kira leigongteng, ma'anar sunan kusan kurangar aradu. A ƙasar Sin an gwada abin da aka tace daga saiwarta a kan mutum 207 masu amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓa, aka kwatanta da metotireksat, maganin da likitoci suka fi dogara da shi a wannan ciwo. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna kurangar ba ta gaza shi ba, haɗa su biyun kuma ya fi metotireksat shi kaɗai. Sai dai ita wannan kuranga tana iya ɗauke wa mace al'ada, ta rage wa namiji ƙwayoyin haihuwa, ta taɓa hanta da ƙoda, ɗanyarta kuma guba ce. A can likita ne ke rubuta ta, yana auna jinin mai sha. Kuma ba ta ciwon Baffa ba ce, nasa zaizayewa ce. Abin da na lura da shi ke nan: tsiron da aka tabbatar yana aiki sosai a jikin mutum, za ka same shi da awo, da jerin illoli, da waɗanda aka hana su sha. Takardar kwalbarmu kuwa cewa ta yi ba shi da illa ko ɗaya, kowa na iya sha.

Abin da ya fi mini wuya shi ne bin dattawan nan uku gida-gida. Zaman baƙunta ba kamar zaman gida ba ne, mu kaɗan ne, masallaci ɗaya, maƙabarta ɗaya, kowa surukin kowa. In ka ce maganin da ɗan wane ya kawo guba ne, ka taɓa gida guda. Na fara zuwa wurin mahaifin yaron, na durƙusa na yi masa bayani, na ce laifin nawa ne kafin na kowa. Washegari suka zo tare suka duba Baffa, yaron yana hawaye, ya kwashi mahaifiyarsa zuwa asibiti a ranar. Dattawa biyu suka bi mu wurin likitar. Na ukun ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, na ji. Amma shekarata nawa suka rage? Gara in mutu ina sujada da in rayu a kan kujera." Na kawo masa liman, liman ya yi masa bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya, ya ce ya ji. Na samu labarin ya saye ragowar kwalaben da ke hannun wani. Ya rasu a 2023. Iyalansa sun ce ajali ne, ni ma haka na ce da na je gaisuwa.

Baffa yanzu sukarinsa ya sauka, amma bai rabu da ƙwaya ɗaya kullum ba. Fuskarsa ta koma tasa. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta koya masa ɗaga ƙafa yana zaune da wani ɗan buhun yashi a idon sawu, yana yi in ya ga dama. Inna tana dafa masa shayin citta da kurkur bayan la'asar, likitar ta ce wannan ba komai tunda na girki ne. Kwanaki ya riƙe kofin ya dube ni, ya ce, "Malam, shi wannan yana da abin nan na tsatsa?" Na ce yana da shi. Ya ce, "A kwalbarku ta makaranta ko a gwiwata?" Na ce a kwalba dai na tabbata. Ya yi dariya ya shanye.

Saƙon WhatsApp ɗin nan na jiya, wanda ya turo shi ƙanen matata ne. Na rubuta amsa sau uku ina gogewa, daga ƙarshe na kira shi na ce ya zo gida bayan isha'i ya gaida Baffa. Da asuba kuma, kamar kullum, ni na ɗauki kujerar robar na kai masallaci, na ajiye ta a ƙarshen sahun farko, kusa da taga.